Iskar taya: nawa za ka sa, kuma yaushe za ka auna

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci ya san yadda ake yi. Ka faka, yaro ya jawo tiyo ya durƙusa ya ɗago kai yace "Oga nawa za a sa?" kai kuma kace masa "sa daidai kawai", shikenan sai ya danna maka 45 ko 50 a duka huɗun, ya ɗan bubbuga tayar da hannu yaji tayi tauri kamar dutse, ka biya shi ka ja motarka hankali kwance. Nima haka nayi ta yi shekara da shekaru, har ranar da na duba tayoyin gaba na ƙaramar motar da nake hawa naga tsakiyarsu ta suɗe tas alhali gefe da gefe zanen yana nan daram, kuma sababbi dal na saya, ko shekara biyu basu yi ba. Wallahi abin ya min ciwo, don kowa ya san yadda kuɗin taya ya koma yanzu. Daga nan ne na zauna na bi maganar a tsanake, kuma abin da na fahimta shi nake so in baka, don asarar kuɗin taya ma mai sauƙi ce akan ace taya ta fashe maka kana gudu tsakanin Zariya da Kano da iyalinka a ciki.

Fara da buɗe ƙofar direba. Ka duba jikin ƙarfen nan da ƙofar ke rufuwa a kansa, wajen da bel yake, ko kaifin ƙofar ita kanta, zaka ga wata ƴar sitika an rubuta girman tayar motar da iskar da za a sa gaba da wadda za a sa baya har da ta safaya. Motocin Turai da yawa irin su Golf da Mercedes a cikin murfin tankin mai suke liƙa tasu, in baka gani a ƙofa ba ka leƙa can. In duk babu to tana cikin littafin motar. Wannan lambar ita ce taka. Waɗanda suka ƙera motar ne suka fitar da ita bayan sun auna nauyinta da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya da yadda birkinta ke kamawa, shi yasa zaka ga taya iri ɗaya sak, kamfani ɗaya girma ɗaya, amma a wannan motar ance 30 a waccan ance 35. Yawancin ƙananan motocin da muke hawa kullum, su Corolla da Civic da Accord da Camry da 406, tsakanin 30 ne da 35, wasu kuma gaba da baya ba ɗaya bane, toh kada kace tunda gaba 33 ne baya ma 33, karanta ka gani.

To ina masu faci suke samo 44 da 50 ɗin nan? A jikin tayar suke gani. Akwai wani ƙaramin rubutu kusa da bakin rim da ake sa MAX PRESS sannan 44 ko 51, shine da yawa suke ɗauka wai kamfanin taya ne yace a sa haka. Alhali ma'anar rubutun ita ce iyaka, wato kada a wuce nan, kamar yadda ake rubuta iyakar gudu a jikin mita amma ba wanda yace kullum ka kai allura ƙarshe. Mai taya bai san wace mota za a ɗaura wa tayarsa ba, iyakarta kawai zai iya faɗa maka. Kuma ni ban ga laifin yaron faci sosai ba, haka aka koya masa, sannan mu masu motar ma in muka ga taya ta ɗan yi tumbi a ƙasa sai mu ce bai sa iska ba. Tayoyin yanzu marasa tiyub haka suke, ko iska ta cika daidai sai ka ga ta ɗan baje a inda ta taka ƙasa musamman na gaba da inji ke danne su. Ido baya auna iska, shuri da ƙafa ma baya aunawa, taya zata iya rasa 8 ko 10 ka kalle ta kaga lafiya lau.

Akwai ɗan ruɗani wajen lambobin da ya kamata in warware tun yanzu. Abin da masu faci suka saba da shi psi ne, shine 32 da 35 ɗin nan. Amma sitikar motar Turai zaka ga 2.2 ko 2.4, wannan bar ne, wata kuma zaka ga 220 ko 240, wannan kPa ne. Lissafin ba wuya, bar ɗaya psi 14.5 ne, kPa 100 kuma bar ɗaya ne. Kenan 2.2 da 220 da 32 duk abu ɗaya ne, 2.4 kuma kusan 35, 2.5 kusan 36. Ka lissafa taka sau ɗaya ka rubuta da maka a wata takarda ka ajiye a aljihun dashbod, ko ka sa a wayarka, don ranar da matarka ko ƙaninka zasu fita da motar su ma su san abin da zasu faɗa.

Sai maganar lokacin aunawa, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Lambar da ke sitika ta taya mai sanyi ce, wato motar ta kwana a ajiye ko ta huta kamar awa uku, ko kuma tafiyar da kayi bata wuce kilomita ɗaya zuwa biyu a hankali ba. Da zarar ka hau kwalta ka yi gudu na minti ashirin ko talatin iskar ciki zata ɗau zafi ta kumbura, geji ya nuna ƙarin 4 zuwa 6 akan abin da ka sa da safe. Wannan ba matsala bace, masu ƙera tayar sun san da shi kuma sun sa shi a lissafi. Shi yasa mafi kyau ka auna da safe a gida kafin ka fita, kuma kafin rana ta bugi gefe ɗaya na motar, don tayar da ke rana sai ta nuna sama da wadda ke inuwa. In kuma dole ta kama ka kana kan hanya sai an ƙara, to ka ɗora kamar 4 akan lambar sitika, in 32 ce ka sa 36, washegari da safe ka sake aunawa ka gyara.

Dan Allah direbobi ku saurare ni a nan. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, lokacin bazara in za a yi doguwar tafiya, ko in aka tsaya cin abinci a hanya aka taɓa taya aka ji zafi, sai a sa tsinke a bawul a sace iska wai don kada ta fashe. Wallahi wannan kiran fashewar ne. Abin da ke dafa taya shine lanƙwasawa, duk juyi ɗaya da zata yi gefenta sai ya lotsa ya miƙe, in iska ta yi ƙasa lotsawar sai ta yi yawa, kamar ka ɗauki waya kana lanƙwasa ta gaba da baya kaji tana zafi a hannunka har ta katse. Cikin taya akwai wayoyin ƙarfe da zare da aka manne da roba, zafin nan in yayi yawa sai mannewar ta saki, bayan tayar ya ɓare ko gefenta ya yage. Ka sace iska tana da zafi, ka koma hanya ta ƙara zafi fiye da da, in ta huce da dare kuma ta faɗo can ƙasa da 25, gobe ka tashi da ita a haka ka cika mota da kaya. Ƙarancin iska da lodi da gudu da zafin kwaltar watan Afrilu, in waɗannan huɗun suka haɗu sai dai addu'a. In kaji taya tayi zafi har kana tsoro, ka tsaya a inuwa ta huce da kanta, ka rage gudu, ka rage kaya in da hali, amma kada ka taɓa bawul.

Wannan ba mu kaɗai ya dama ba. A shekarar 2000 a Amurka an yi babbar badaƙala kan motocin Ford Explorer masu tayar Firestone, bayan tayar ya riƙa ɓarewa ana cikin gudu mota ta kife, mutum sama da 200 suka rasu, kuma abin yafi yawa a jihohi masu zafi, an ma ga irinsa a Saudiyya da Benezuwela. A watan Agustan shekarar aka janye tayoyi miliyan 6.5. Kamfanonin biyu kowa ya ɗora wa ɗan uwansa laifi, akwai maganar aibi a ƙirar tayar, amma ɗaya daga cikin abin da aka yi ta jayayya a kai shine kamfanin motar yace a sa 26, kamfanin tayar kuma daga baya yace 30. Ka duba fa, huɗu kacal ake magana. Daga nan aka yi dokar da ta sa tun daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a Amurka sai tana da na'urar da ke lura da iskar taya, Turai ma suka bi sahu a 2014. Ita ce fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiya, wadda kusan duk tokumbon Amurka ke da ita kuma da yawa muka bar ta a kunne shekara da shekaru, wasu har liƙe ta suke da salatif. Abu biyu zaka sani game da ita. In ta kama ta tsaya cak, akwai tayar da ta sauka, kuma sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu take kamawa, wato mai 32 sai ta kai wajen 24, kaga kenan ba abin jira bace. In kuma tana ƙyaftawa kamar minti ɗaya bayan ka tada mota sannan ta tsaya, na'urar ce ta samu matsala, yawanci batirin sensa ɗin da ke cikin bawul ne ya mutu ko an fasa shi wajen cire taya.

Yawan iska shima da nashi. Taya in ta cika tam sai tsakiyarta kawai ke taka ƙasa, riƙon hanya ya ragu, birki ya ƙara nisa musamman da damina in kwalta ta jiƙe, motar ta riƙa tsalle duk ɗan tudu kaji shi a ƙugunka, kuma duk dukan da ya kamata taya ta shanye sai ya wuce kai tsaye zuwa shokazoba da bushin da bol join. Kayi ta kai mota gareji ana canza kayan ƙasa baka san daga wajen mai faci matsalar ta taso ba. Ga kuma ramukan hanyoyinmu, taya mai 50 in ta faɗa rami mai kaifi ba ta da wurin lotsawa, mai 22 kuma rim ne zai matse ta da bakin ramin ya tsinka zaren ciki, washegari kaga ƙulu ya fito a gefe kamar ƙwai. Duk tayar da ta yi wannan ƙulun ta gama aiki, ba faci ba dabara, cire ta kawai.

Tayar da kanta zata baka labari in ka durƙusa ka duba. Tsakiya ya cinye gefe na nan, iska ta yi yawa. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya kawai ya cinye, wannan alaimen ne ba ruwan iska. In kuma cin ya zama tudu da kwari kana shafawa kana jin gargada, duba shokazoba da balansin. Ta fannin mai ma akwai ɗan tasiri, hukumar makamashi ta Amurka tace duk psi ɗaya da tayoyi suka ragu yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari, ba wani yawa gare shi ba a rana ɗaya amma ga ɗan tasi da ke zagaye gari tun safe har dare da tayoyi a 24, a wata zai ji a aljihunsa.

Yanzu maganar kaya. In ka lura sitikar motocin Turai layi biyu take da shi, ɗaya an zana mutum biyu ko uku da jaka ɗaya, ɗayan an zana mutum biyar da jakunkuna, kuma lambar layi na biyu ta fi yawa musamman a baya. In zaka ƙauye da sallah ka cika mota da yara da buhun shinkafa a but, layi na biyu zaka bi, in ka dawo ka koma na farko. Amma akwai abin da masu Golf da Sharon na haya ya kamata su sani. A jikin taya bayan girmanta akwai lamba da harafi, misali 195/65R15 91H. Wannan 91 ɗin nauyin da zata iya ɗauka ne, kilo 615 kowace ɗaya, in 95 ce kilo 690. Kuma tayar ƙaramar mota ta gama kai iyakar ƙarfinta na ɗaukar kaya a wajen 35 zuwa 36, masu tambarin XL kuma, wato waɗanda aka ƙara wa ƙarfin ɗaukar kaya, wajen 41 zuwa 42. Daga nan duk abin da ka ƙara tauri kawai kake ƙara mata, ko kilo ɗaya baka ƙara mata na ƙarfi ba. Don haka wanda ya loda buhun masara takwas a bayan Golf ya ɗora mutane a kai sannan ya buga 60 yace ya maganta, bai maganta komai ba, tayoyin baya biyun nan suna ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu.

Bas da a-kori-kura lissafinsu daban. Tayar Hiace irin 195R15C, wannan C ɗin na ƙarshe yana nufin ta aikin kaya ce, haka masu LT a farko, gefensu ya fi kauri kuma iska mai yawa aka yi su su ɗauka. A jikinsu akwai lambar PR da ke nuna ƙarfin tayar, mai 6PR iyakarta wajen 50, mai 8PR wajen 65, mai 10PR wajen 80. A irin waɗannan motocin baya kusan kullum ya fi gaba in da kaya, kuma kuskuren da na fi tsoro shine a ɗaura wa bas mai ɗaukar mutum goma sha takwas tayar jif ko ta ƙaramar mota don ta fi arha kuma girman ya shiga rim, sannan a buga mata 60 kamar mai C. Fasinja ma yana da haƙƙin ya leƙa tayar motar da zai hau a tasha. Hilux kuwa akasin haka ake mata, a buga mata iskar lodi alhali bayan wayam yake, tayi ta tsalle bayanta na zamewa a kwana. Wasu Hilux ɗin masu faffaɗar taya wajen 29 kawai sitikarsu ke cewa in ba kaya, baya ya hau wajen 36 in an loda, amma masu siririyar taya mai C tasu ta fi haka, saboda haka ka duba taka.

Manyan motoci, tirela da tanka da tifa, tayoyinsu irin 315/80R22.5 ko 12R22.5 suna aiki ne tsakanin 100 da 125 gwargwadon nauyin da ke kan kowane aksul, kuma kamfanonin taya suna da jadawalin da ke nuna nauyi kaza iska kaza. Al'adar yaran mota ita ce a zagaya da ƙarfe ana bugun taya ana sauraren ƙara. Wannan zai nuna maka wadda ta sace gaba ɗaya, amma bazai bambance maka 110 da 85 ba, kuma 85 ɗin nan ƙarƙashin tan talatin daga Legas zuwa Kano ita ce ɓawon tayar da muke gani a warwatse gefen hanya. A sayi geji mai dogon wuya mai kai biyu wanda zai isa bawul ɗin tayar ciki, don ita ake mantawa da ita. Tagwayen taya kada bambancinsu ya wuce 5, in ɗaya ta yi ƙasa ɗayar ce ke ɗauke da kayan su biyu, su duka kuma su lalace. Na gaba biyu su ne rai, don in ɗaya ta fashe sitiyari ya bar hannun direba. Sannan duk babbar tayar da aka yi tafiya da ita bayan ta rasa kashi 20 cikin ɗari na iskarta ko fiye, ba ƙara mata iska za a yi a wuce ba, a cire ta a duba cikinta, don wayoyin gefe sun riga sun gaji kuma zata iya tsagewa ana cikin bugawa. Masu faci ƴan uwana, babbar taya da rim mai zobe irin na tsofaffin gingimari ba a tsayawa a gabansu ko a zauna a kansu ana ba su iska. A sa su a keji, in babu a ɗaure da sarƙa mai ƙarfi, a yi amfani da dogon tiyo mai maƙalewa da kansa a koma gefe, zoben nan in ya fito da iska 100 a bayansa kisa yake.

Koma kan ƙaramar motarka. Ka sayi geji naka na kanka, wannan shine abu ɗaya da zai canza komai. Akwai mai kama da biro, akwai mai agogo, akwai mai lambobi na batir, duk ana samu wajen masu kayan mota kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da taya ɗaya ba. Gejin bakin titi yana shan faɗuwa da ƙura da rana, zaka iya auna taya ɗaya a wuri uku ka samu amsa uku. In ka saya ka gwada shi da wasu guda biyu a kan taya ɗaya, in sun yi kusa da juna ka riƙe naka kada ka bari yana gararamba a but. Aunawar kuma, cire hular bawul, danna gejin a miƙe da ƙarfi har ƙarar fitar iska ta ɗauke, karanta, ka maimaita sau biyu. In zaka wajen mai faci ka riga ka auna a gida ka san kowace nawa take nema, kace masa "Malam, 33 gaba 32 baya, ga gejina mu gwada da shi", cikin mutunci, yawancinsu basa musu in sun ga ka san abin da kake so. In da hali ƙaramin injin iska mai shiga soket ɗin sigari ma yana da amfani sosai ga mai tafiyar dare.

Sau nawa? Aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, ɗan haya kuwa duk sati. Lafiyayyar taya ma tana rasa 1 zuwa 2 a wata ta jikin robar kanta. Yanayi ma yana taɓa ta, duk sauyin digiri 5 zuwa 6 yana ɗaga ta ko ya sauke ta da kusan 1, shi yasa in hunturu ya shigo a Disamba asuba ta yi sanyi sai kaga duk huɗun sun ɗan sauka ko fitilar ta kama da safe ta mutu da rana. Lambar sitika bata canzawa da bazara ko hunturu ko damina, kai dai ka mayar da ita inda take da safe. In kuma ɗaya ce tak ke yawan sauka, akwai dalili, ƙusa ce ko bawul ko rim da rami ya lanƙwasa ko tsatsa a bakinsa, a zuba ruwan sabulu a ga inda ke kumfa. Hular bawul ɗin nan da ake rainawa ita ke hana ƙurar hunturu shiga ta hana allurar ciki rufuwa, in ta ɓata ka sayi wata. Iskar naitirojin da wasu wurare ke sayarwa kuwa ba laifi, tana ɗan jinkirin fita, amma iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma in ka sa ta ma sai ka auna, zaka iya ƙara mata iskar mai faci ba abin da zai faru.

In motarka sitikar ta goge ko an yi fenti a kanta, nemi littafinta a intanet da sunan motar da shekararta da girman tayar, kafin ka samu littafin, in ƙaramar mota ce ka riƙe ta a 32 zuwa 33. In an canza rim an sa manya, ka tabbata lambar nauyin sabuwar tayar bata gaza ta asali ba, ka fara da lambar sitika sannan ka riƙa lura da yadda take ci.

Wuri ɗaya da rage iska yake daidai shine rairayi. Direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku sun san wannan, a sauke ta zuwa 18 ko 15 don ta baje ta hau kan yashi maimakon ta nutse, amma a hankali ake tafiya ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, kuma da an fito ƙasa mai tauri ake mayar da iska kafin a ɗau gudu.

Masu sayen taya ƴar Beljiyam, na san halin da ake ciki ne ya kawo haka, amma ku duba rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya shekara huɗu take cewa daga ranar ƙira, kamfanonin taya kuma duk wanda ya fi sassauci a cikinsu baya wuce goma. In gefen ya yi tsage-tsage kamar faso, ko tana da tambarin dutse da ƙanƙara a ciki wanda ke nuna ta ƙasar sanyi ce, bar musu kayansu, daidaita iska baya mayar da tsohuwar roba sabuwa.

Sai safaya, wadda ba mai tunawa da ita sai dare ya yi a daji. In cikakkiya ce irin sauran, sa mata lambar da ta fi yawa a sitika, in ka ɗaura ta sai ka rage. In kuma ƴar siririyar nan ce da ke zuwa da tokumbo, 60 take so, an ma rubuta a jikinta, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita, ta kai ka wajen mai faci ne kawai. Duk ranar da kake auna huɗun ka ɗaga kafet ɗin but ka auna ta ta biyar, ka duba jak da sifanar wili suna nan tunda ka riga ka buɗe.